Yadda muka yi wa kanmu maki bayan lissafin WAEC

Wajen sha biyun rana mai sa ido ya ce kowa ya ajiye biro. A lokacin ina ja wa amsata ta ƙarshe layi a ƙasa, yatsuna sun ƙage don sanyi, saboda tun asuba garin Jos ya tashi da yayyafi, ga shi zauren da aka zuba mu rabin tagoginsa babu gilashi. Takardar tiyori ce ta lissafin WAEC na 2024, mai awa biyu da rabi. Tambayoyi 13 ne a cikinta. Biyar na farko dole ne ka amsa su duka, maki 40 ke kansu. Sauran takwas ɗin ka zaɓi biyar, maki 60. Objektif, wato mai zaɓin amsa, sai da yamma, tambayoyi 50 a awa ɗaya da rabi.

Kwana biyu kafin ranar, malaminmu na lissafi ya ja mana kunne. Ya ce, "Ku saurare ni, 'ya'yana. In kun fito daga tiyori, mai salla ya yi salla, kowa ya ci abin da ya zo da shi, ya samu wuri ya zauna. Kada wanda ya tambayi wani me ya samu. Da sauran aiki a gabanku." Duk muka ce to, Malam.

Ban kai minti goma ina riƙe da wannan alkawari ba. A bakin famfo, muna layin alwala, na ji wata a bayana tana faɗa wa ƙawarta amsar da ta samu a tambayar biyarin, wato tambayar nan ta tafiya daga wani wuri zuwa wani ana auna kusurwa daga arewa. Amsarta tana da ɗigo da wata lamba a bayansa. Tawa kuwa lamba ce cif, babu ɗigo. Gabana ya faɗi. Na juya na ce ta maimaita, ta maimaita, ƙawar tata ma ta ce haka ta samu. Daga nan bakina ya buɗe. Na bi mutum huɗu ina tambayarsu sauran tambayoyin, kuma duk wanda ya ba ni lambar da ta saba wa tawa sai in ji kamar an zare mini wani abu a ciki. Masar da Mama ta ƙulla mini a leda haka na mayar da ita gida.

Abin da ya sa abin ya dame ni haka shi ne, ba ni da wata ƙofa ta biyu. A watan Afrilu na rubuta JAMB na samu 248, ina neman aikin jinya a Jami'ar Jos. Amma kowa ya san makin JAMB ba ya shigar da kai jami'a shi kaɗai, sai ka haɗa kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Da yawa a ajinmu an biya musu WAEC da NECO duka, in wannan ta ƙi wancan ta yi. Ni Baba kayan gwari yake sayarwa a kasuwar Farin Gada, mu bakwai ne a gabansa, WAEC kaɗai ya iya biya. In lissafi ya kayar da ni, sai dai jarrabawar nan ta ƙarshen shekara da ake ce wa GCE, ita ma kuɗi ne.

Da wannan kan na shiga objektif. Tambayoyi goman farko na karanta su ne idona na kan takarda, hankalina na kan biyarin. Sai wajen ta goma sha biyar na dawo hayyacina. Tun daga ranar nake gaya wa duk wani ƙanena da zai zauna wannan jarrabawa cewa maganar Malam gaskiya ce: kwatanta amsa a tsakanin takardu biyu ba ya ƙara maka maki ko ɗaya a wadda ta wuce, sai dai ya rage maka a mai zuwa.

A objektif ana barin ka ka yi ƙwaƙule-ƙwaƙulen lissafinka a jikin takardar tambayoyi, kuma da ita kake fita. Shi ya sa kusan kowa yake zagaye harafin da ya zaɓa a jikinta kafin ya cike gurbinsa da fensir HB a takardar amsa. Wannan zagayen shi ne duk abin da muke da shi na shaida bayan an karɓe takardun.

Muna fitowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Babu mai iya fita neman keke, sai muka taru a barandar ajinmu, mu kusan ashirin, maza a gefe ɗaya mata a gefe, kowa da takardarsa a hannu. Monita ya hau kan benci yana kiran lamba.

"Ta ɗaya?"

"B!"

"Ta biyu?"

"D!"

Inda murya ta zo ɗaya, sai kowa ya duba tasa ya sa alama, wanda ya saba ya yi shiru ya ja giciye. Inda murya ta rabu, sai Monita ya ce a ɗaga hannu, ɓangaren da ya fi yawa shi ne da gaskiya. Haka muka yi ta tafiya cikin sauri, ana shewa ana tsaki, har muka iso wata tambaya ta yiwuwar abu, irin wadda ake zuba ƙwallaye a jaka a ce an zaro biyu. Kusan mu goma sha biyar muka kira harafi ɗaya, har da ni. Sai wani yaro da muke ce wa Farfesa, wanda tun aji ɗaya shi ke zuwa na ɗaya a lissafi, ya ce a'a.

Aka taso masa. Wani ya ce, "Haba Farfesa, mu duka mun yi kuskure kai kaɗai ka gane?" Shi kuma bai iya bayani ba, abin a kansa yake, sai maimaitawa yake yi cewa ba a mayar da ta farkon ba. Wata 'yar ajinmu 'yar Birom, mai zuwa daga Bukuru kullum, wadda ba ta cika magana ba, ita ce ta raba gardamar. Ta miƙa hannu bakin baranda inda ruwa ke zuba, ta tsinto tsakuwa takwas, biyar jajaye uku baƙaƙe, ta jera su a kan benci. Ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, ɗauki ja guda ɗaya ki sa a aljihu." Na ɗauka. Ta ce, "To yanzu nawa suka rage gaba ɗaya?" Na ce bakwai. "Jajaye fa?" Na ce huɗu. Ta ce, "Shi ke nan. Na farko biyar cikin takwas, na biyu huɗu cikin bakwai. Ku kun sake cewa biyar cikin takwas, kamar wadda ke aljihunta ta dawo da kanta."

A misalin nata, 5/8 sau 4/7 ya ba da 5/14. Hanyarmu kuwa 25/64 za ta ba da. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, amsar tamu ta kuskure tana nan zaune a cikin zaɓi huɗun da aka ba mu. Masu tsara tambayoyin sun san inda ɗalibi ke zamewa, sai su ɗauki sakamakon zamewar su ajiye masa a matsayin zaɓi, yana ganinsa ya ji daɗi ya cike. Ke nan in kuskure na kowa da kowa ne, ɗaga hannu shi zai tabbatar da shi. Na waiwaya baya na fara tunanin tambayoyi nawa muka wuce da ƙuri'a ba tare da kowa ya ɗauki biro ba.

Daga nan tafiyar ta canza. Duk inda aka rabu sai a warware a bayan takarda. Amma magariba ta kawo jiki, ruwa ya tsagaita, masu nisa suka fara tafiya. Muka tashi da tambayoyi 12 da ba a daidaita a kansu ba.

Aminiyata, wadda muke benci ɗaya tun JSS 1, ta ƙirga nata, har da waɗanda take ganin ta ci a cikin 12 ɗin, ta samu 41 cikin 50. Aka yi ta taya ta murna. Na lura ko murmushi ba ta yi ba, amma na ɗauka gajiya ce.

Da dare na ari wayar Yaya. Kafin isha'i jerin amsoshi har biyu sun shigo zauren WhatsApp na ajinmu, kowanne an rubuta a samansa cewa tabbatacce ne. Haruffa ne zalla a jere, babu aiki, babu sunan wanda ya warware. Na gwada su da juna na ga sun saba a wuri takwas, kuma ɗaya daga cikinsu ya zaɓi amsar nan da tsakuwa ta ƙaryata ɗazu. Na rufe wayar. Har yau ina jin haushin masu yaɗa irin waɗannan jeri, don na san yara da dama da suka kwana suna kuka ko suna murna a kan haruffan da wani ya zauna ya canka.

Na ɗauko littafi na yi nawa lissafin. Objektif: 29 na tabbata daidai ne, 9 na tabbata na faɗi, 12 suna rataye. Na ce tunda zaɓi huɗu ne, ko canka na yi zan samu ɗaya cikin huɗu, na ba kaina 3. Ya zama 32. Tiyori kuwa na bi ta da doka mai tsauri: duk ɓangaren da amsata ta ƙarshe ta yi daidai da ta mutane na ba kaina cikakken maki, wanda ta saba na ba kaina sifili. Na tashi da 38 cikin 100. Na haɗa, 70 cikin 150, wato kashi 46.7 cikin ɗari.

Akwai jadawalin nan da kowane ɗalibi ya haddace: A1 daga 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, sai D7 daga 45, E8 daga 40, abin da ya gaza haka F9. Kiredit a C6 ya tsaya. Ni ina D7.

Mama ta same ni a ɗaki fuskata a jiƙe. Na nuna mata littafin, duk da ba ta yi boko mai nisa ba. Ta daɗe tana kallon lambobin, sannan ta ce, "Wa ya ba ki wannan makin?" Na ce ni. Ta ce, "To ki bari wanda ya san aikin ya gani tukuna." Baba da ya dawo ya leƙo ya ce, "Mamana, yaya jarrabawa?" Na ce alhamdu lillahi, na kasa ƙarawa.

Ranar Asabar Malam ya ce duk mai so ya same shi a makaranta. A cikin keke, mun wuce mahaɗar Zololo, aminiyata ta kama hannuna ta ce, "Ƙawata, 41 ɗin nan ba nawa ba ne." Ta ce tambaya ta 12 ta yi mata wuya, ta tsallake da niyyar dawowa, amma a takardar amsa ba ta tsallake layin ba. Amsar ta 13 ta zauna a layi na 12, ta 14 a na 13, haka har ƙasa. Ba ta farga ba sai da ta zo tambaya ta 50 ta ga fensirinta a layi na 49. Saura minti biyar. Ta fara gogewa daga ƙasa tana gyarawa, hannunta na rawa, ta gyara takwas aka ce a tsaya. Ta ce a baranda ta kasa faɗa, don kowa na yaba ta. Na rasa abin da zan ce mata, na dai riƙe hannun har muka sauka. Na'ura ce ke duba wannan takarda, layi kawai take gani da gurbin da aka cike. Abin da ke zagaye a takardar tambayoyi ba ruwanta da shi.

Mu tara muka je. Malam yana cikin malaman da ke zuwa aikin makin WAEC, ya san yadda ake yi daga ciki. Da na nuna masa 38 ɗina ya tambayi yadda na same shi, na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "'Yata, ba haka ake yi ba. Kin yi wa kanki hukuncin da mai maki ba zai yi miki ba."

Ya tashi ya je allo. Ya ce a tsarin makin lissafi maki iri uku ne. Akwai na M, na hanya: ka ɗauko dabarar da ta dace, ka zuba lambobi a inda ya kamata. Akwai na A, na daidaiton amsa, wanda ba ya samuwa sai hanyar ta yi kyau. Akwai na B, mai zaman kansa, kamar zane mai kyau ko wata ƙima da aka nema kai tsaye. Sai ya ba da misali da gwangwani mai faɗin 7 daga tsakiya zuwa baki, tsayinsa 10, duk a santimita, a nemo abin da zai ci. Ya rubuta 22/7 sau 7 sau 7 sau 10, ya ba da 1540. Ya ce wanda ya rubuta dabarar ya zuba lambobin daidai, sannan hannunsa ya zame ya rubuta 1450, makin ƙarshe kawai ya rasa, na hanya suna aljihunsa. Wanda ya rubuta 1540 ya manta da ma'auni a bayanta, za a iya cire masa ɗaya. Wanda kuwa ya danna kalkuleta ya dire 1540 ita kaɗai babu aiki, shi ne ya fi kowa asara, don a saman takardar an rubuta ƙarara cewa a nuna duk aikin da aka yi tare da amsa.

Yana faɗin haka ya juya ya kalli Farfesa. "Kai nake nufi, ɗana. Shekara uku ina ce maka ka rubuta abin da ke kanka. Mai maki ba ya ganin cikin kai." Farfesa ya sunkuyar da kai. Shi a lissafinsa A1 ya ba kansa, kuma amsoshinsa na ƙarshe kusan duka daidai ne.

Sai aka zo kan biyarin ɗina. Malam ya ce in sake rubuta abin da na rubuta a zaure, layi bayan layi, kada in gyara komai ko da yanzu na ga kuskuren. Wannan shi ne wuri mafi wuya a duk aikin, domin hannu yana son ya rubuta abin da ya sani yau, ba abin da ya rubuta ranar ba. Na daure na rubuta yadda yake. Zanena daidai, layin arewa a wurinsa, kusurwa daidai, dabarar da na ɗauko daidai. Matsalar a tsakiya take: na yanke wata lamba tun kafin in kai ƙarshe. Ya nuna mana da misali. Kosayin na digiri 40 shi ne 0.7660. In ka ninka da 50 ka samu 38.3. In ka gajarta shi ka ce 0.8 don sauƙi, sai ka samu 40, kuma duk abin da ka gina a kai ya karkace. Ya ce wannan yankewar wuri tana cikin abubuwan da rahoton manyan masu maki na WAEC ke yawan kokawa a kai, tare da mantuwar ma'auni da rashin zana hoton tambaya daidai. Tambayar da na ba kaina sifili a kanta, ya ce fiye da rabin makinta na nan.

Haka muka bi tambayoyi goman da kowa ya amsa. Ya hana mu fitar da lamba ɗaya. Ya ce kowa ya ja layi biyu, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama. A na ƙasa ka sa abin da ko mai maki mai tsanani ba zai hana ka ba. A na sama ka ƙara waɗanda kake zaton ka rubuta amma ba za ka iya rantsuwa ba. Tambayoyi 12 na objektif da suka rage ya warware mana su a allo. A cikinsu uku na tabbata na ci, wasu uku kuma na goge na sake a zaure har ban iya tuna wanne na bari a takardar amsa ba, don zagayen takardar tambayoyina biyu ne a kansu.

Nawa ya fito haka: tiyori 47 a ƙasa, 61 a sama. Objektif 32 a ƙasa, 35 a sama. Jimilla 79 zuwa 96 cikin 150, wato daga kashi 52.7 zuwa 64. C6 zuwa C4. Na sake ƙirgawa sau biyu kafin in yarda.

Malam bai bar mu mun tafi da murna zalla ba. Ya ce haɗa 50 da 100 a raba da 150 hanyarmu ce ta ɗalibai. Akwai makin gwaje-gwajen aji da makaranta ta riga ta aika, shi ma yana shiga. Jadawalin da muka haddace kuma manuniya ce kawai, hukumar ce ke zama bayan an gama maki ta tsayar da iyakar kowane mataki. Don haka wanda lambarsa ta ƙasa ke bakin gaɓa kada ya saki jiki.

Aminiyata ta jira kowa ya fita, sai ni, sannan ta faɗa masa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ɗauki takardarta ya ƙirga a hankali. Sha ɗayan farko suna wurinsu, 10 daidai. Takwas ɗin da ta gyara, 6 daidai. Talatin na tsakiya sun zauna a layin da ba nasu ba, sai abin da sa'a ta haɗa, ya ce a sa 7. Ya zama 23 a maimakon 41. Tiyorinta kuma 45 zuwa 52, don ita dama ƙarfinta a objektif yake. Jimillarta ta tsaya tsakanin kashi 45 da 50. Ya ce, "'Yata, ba zan ɓoye miki ba. Ki ɗauka wannan ba ta yi ba. An biya miki NECO?" Ta ce kawunta ya biya. Ya ce, "To daga gobe ita ce jarrabawarki. Tambayoyi 60 ne a can, zaɓi biyar, layuka sun fi yawa. Ki sa rula a ƙarƙashin layin da kike cikewa, kuma duk bayan tambaya goma ki tsaya ki duba lamba ta yi daidai da lamba."

Ta yi kuka a hanya. Amma washegari da hantsi ta zo gidanmu da littafin tsofaffin tambayoyin NECO. Da a ce ta zauna a kan 41 ɗin baranda, na san halinta, da ta shiga NECO da rabin zuciya.

A gida na ajiye wa Baba lambobin biyu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mamana, in na sayi kwandon tumatir, ruɓaɓɓun nake fara cirewa kafin in yi lissafin riba. Ta ƙasan nan nawa ce?" Na ce 52 da ɗoriya, kiredit kuma daga 50 yake farawa. Ya ce tazarar ba ta da yawa. Mama tana cikin wani adashi na matan unguwa, kwasarta sai Disamba. A daren suka yanke cewa za ta je wurin uwar adashi ta roƙi a musanya mata da wata, ta kwasa a Satumba, saboda in abin ya zo da akasi kuɗin fom ɗin GCE na hannu. Aka samu wata ta yarda. Wannan ne amfanin da lissafin ya yi mana a gida, ya nuna mana me za mu tanada tun da sauran lokaci. Shi ya sa ba na tare da masu cewa ɗalibi ya yaga takardar tambayoyi ya manta da ita. Mai hali zai iya mantawa. Wanda kuɗin fom ɗinsa sai an juya adashi, gara ya san inda ya tsaya.

Sauran takardu suka wuce, Babbar Salla ta zo a tsakiyar Yuni, aminiyata ta rubuta NECO da rularta. Farkon Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, har aka sa dokar hana fita a Jos da Bukuru, muna cikin gida babu abin yi sai tunani. Na buɗe littafin nan ya fi sau ashirin, lambobin ba su canza ba.

Ranar Litinin 12 ga Agusta aka saki sakamako. Shugaban ofishin WAEC na Najeriya, Dakta Amos Dangut, wanda ɗan Filato ne, shi ya sanar. Ɗalibai 1,805,216 suka zauna, kashi 72.12 cikin ɗari suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ina jin wannan a rediyo na ce a raina, to kusan 28 cikin kowane ɗari fa, a ina nake?

Yaya ya raka ni wani shagon intanet a Bauchi Road. Layi har waje. Kana ba da lambar jarrabawarka mai lambobi goma, bakwai na cibiya uku na kujerarka, da lambobin sirrin da ke jikin katin shaidarka. Shafin ya yi ta juyawa saboda cunkoso, sau biyu yana katsewa. Da ya buɗe ban duba komai ba sai layin lissafi. C5. Daidai tsakiyar layukan nan biyu da Malam ya sa na ja. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan bencin shagon, Yaya yana cewa, "Tashi mana, ki duba sauran." Sauran ma sun yi.

Farfesa ya samu B2. Kiredit ne mai kyau, amma ya yi kwana biyu ba ya son magana. 'Yar Bukurun nan mai tsakuwa, wadda ba ta taɓa faɗa wa kowa lissafinta ba, ita ce ta fito da A1. Aminiyata D7. Da na je gidansu da yamma ina ta shirya kalaman da zan faɗa, ita ta riga ni. Ta ce, "Ƙawata, na yi kukan wannan tun watan jiya na can. Yanzu Satumba nake jira." A Satumba sakamakon NECO ya fito, ta samu B3 a lissafi. Kuɗin adashin Mama kuwa ya tafi a kan takardun neman shiga jami'a.

A 2025 ƙanena ya zauna tasa. A shekarar WAEC ta fara jujjuya jerin tambayoyin objektif a wasu darussa har da lissafi, ta yadda tambayarka ta biyar ba ita ce ta biyar ɗin na kusa da kai ba. Ya dawo gida da yamma yana ƙorafi, wai sun taru a baranda, Monitansu ya kira ta ɗaya, kowa ya faɗi harafi daban, sai da suka koma karanta tambayar kanta suna warwarewa, dare ya yi musu ba su kai rabi ba.

Na ce ya kawo takardar. Na ba shi biro da sabon littafi, na ja masa layi biyu, na ce ya fara da tiyori, ya rubuta abin da ya rubuta a zaure ba abin da ya sani yanzu ba. Ya kai tambaya ta uku sai na ga ya tsaya, biro a sama.

Ya ce, "Yaya, ban tuna ko na sa ma'auni a bayan amsar nan ba."

Na ce, "Za ka iya rantsuwa ka sa?"

Ya yi shiru, ya ce a'a.

"To kai shi layin sama."

Muna nan har bayan isha'i. Baba ya shigo da ledar kabeji da karas a hannu, ya tsaya a kanmu yana kallon littafin, sannan ya ce wa ƙanen nawa, "Ta ƙasan nawa ce?"